Tabon Barau

Shagona na bayan PZ,
tsakanin mai gyaran agogo da mai suyar awara.
Alƙalamina ba ya shan tawada.
Hannu na ƙasa, kan baƙin allo,
ido na sama, kan gilashi,
kamar mai tuƙa tuwo a ɗaki
tana leƙen tukunya ta taga.
Sai da na yi wata uku
kafin su biyun su daina gardama.

Ran Laraba Ladingo ta zo daga Tudun Wada
da hoto a naɗe cikin ledar burodi.
Mahaifinta ne, Barau na reluwe,
tsaye gaban kan jirgi, hula a karkace.
Gara ta cinye kafaɗar hagu,
yoyon ɗaki ya sha rabin sama,
wani yaro can baya ya rasa ƙafa.
Ta ce, “Shi ke nan mana. Ko na fasfo babu.”

Na kwana a kansa.
In na sassauta, layi ya fito siriri kamar gashin gira,
in na danna, ya yi kauri.
Alƙalamin nan ya san nauyin hannuna
fiye da yadda na san shi.
Na ari yadi a kafaɗar dama
na ɗinka wa ta hagu,
na ɗebo gajimare daga inda ya tsira
na lulluɓe inda ruwa ya ɓata.
Sau biyu aka ɗauke wuta,
sau biyu na ja janareta ina tsaki.
Yaron ma na mai da masa ƙafarsa, kyauta.

Wajen asuba na iso kunci.
Wani layi, daga ƙasan ido zuwa haɓa.
Na ce karcen ƙusa ne, ko karyewar takarda.
Shafa uku.
Kunci ya yi sumul kamar ƙwai.
Har na yaba wa kaina.

Ran Asabar ta dawo.
Ta daɗe tana kallo, jaka a cinya,
mai awara ta kwashe kasko ɗaya ta zuba wani.
Sannan ta ce,
“Kyakkyawan mutum ne wannan.
Amma ina Baba?”

Ashe waya ce ta tsinke a tashar Funtuwa
tun ba a haife ta ba.
Ashe a kan layin nan ta koyi tafiya da yatsa:
ya dawo aiki yana warin baƙin mai,
ta hau cinya, ta ɗora ɗan ali ƙasan ido,
nan ne Zariya,
ta gangara a hankali tana kukan jirgi,
haɓa ce Gusau.
In ta isa, sai ya kumbura kumatu ya saki tururi.

Ban ce komai ba.
Yatsu biyu na ɗora kan madannai,
na soma ja da baya.
Aikin asuba ya warware, shafa bayan shafa,
har layin ya dawo inda waya ta ajiye shi.
A nan kaɗai na san
ana cewa jiya ta dawo, ta kuma dawo.

Ladingo ta miƙe ba sallama,
ta kai yatsa kan gilashina,
wanda ko ƙanena ba na bari ya taɓa.
Daga ƙasan ido. A hankali.
Ba ta yi kukan jirgin ba,
amma na ga leɓenta.

Yanzu in an kawo hoto,
amarya mai son a kashe ƙurji,
ɗan takara mai son a rage tumbi,
nakan tambaya kafin in ɗau alƙalami:
wanne ne na takarda, wanne ne naka?
Wasu su yi dariya. Wasu su yi shiru.

Sawun yatsarta na nan a gilashin,
ɗan maiƙo, a karkace.
Kullum ina cewa gobe zan goge.