Rigar Amilcare

Rigar da babansa ya yi angonci a ciki
na tsoma a tukunyar rini, nan Cremona.
Ta fito baƙa wuluk.
Na rage hannu, na rage wuya.

Asabar, ga shi gaban madubi:
gajeren wando, shuɗin ƙyalle a wuya,
hula mai tuntu tana lilo,
bindigar katako a kafaɗa.
Shekara takwas. Giɓinsa bai cike ba.

Ya ɗaga mini hannu,
ba irin na ban kwana ba.

Ruwa ya kece a filin fareti,
ya dawo rini har fata.
Na cuɗa da sabulu, na cuɗa da toka.

Yau wasiƙar soja ce a aljihuna.
Baƙin bai bar faratana ba.