Ɗan Wuta

Kakana Nomau ɗan wuta ne,
shekara goma sha tara a bakin murhun jirgi,
daga Zariya har Ƙauran Namoda,
inda dogo ya ƙare, ƙarfe ya ce na gaji.

Gashin girarsa bai sake tsirowa ba.
In mun tsokane shi sai ya shafa wurin,
ya ce, "Harajin wuta ne, na biya tun da ƙuruciya."

Kwal daga kudu yake zuwa, baƙi ƙirin,
ya fi gawayin ƙirya taurin kai.
Shebur bayan shebur, har Gusau,
gumi na kai wa kwal ruwan sha.

"Ba ƙarfe ke tafiya ba, yara,
ruwa ne, ruwan da aka ɓata wa rai.
Kulle shi a tukunya, hura masa wuta,
hana shi kowace ƙofa sai ɗaya.
Ta wannan ƙofa zai ja tarago ashirin,
gyaɗa da fata da auduga,
yana huci, yana kiran mutanen tasha."

Kakata Tumba na liƙe bakin madambaci da kuka.
Ba ta ko ɗago ba, ta ce,
"Ashe aikina kake yi, ana ba ka albashi."

Ita ta san abin da tururi ya ci.
Jakunan ubanta arba'in,
da ke kai kaya kwana goma,
ɗaya bayan ɗaya suka tafi kasuwa ba su dawo ba.
Audugar da take gurzawa daga Juma'a zuwa Juma'a,
injin Gusau ya haɗiye ta
kafin kunu ya huce.
Dutsen gurzarta ya koma tokare ƙofa,
mazari ya zama abin wasanmu.

Amma da kuɗin wutar aka rufa ɗakinta da kwano,
ta kwana tana jin ruwan sama kamar kalangu,
ba ta ce ta gode ba,
ba ta kuma ce ta yafe ba.

Jiya na bi ta tasha.
Tankin ruwa ya yi tsatsa, tattabaru sun gaje shi,
akuya na kiwo tsakanin dogo da dogo.
Na kara kunnena a ƙarfen, kamar yadda ya koya mana.
Shiru.

Na dawo gida, an buɗe dambu,
tururi ya taso ya doki fuskata.
Ban san lokacin da na shafa girata ba.