Awo Biyu

A gwangwanin madara nake ajiyarsu,
ƙarƙashin gado, inda gara ba ta kai ba.
Ɗaya ta gonar da Sambo ya bari a bakin kogi,
kadada uku, mangwaro tara, da rijiyar da ta rufta.
Ɗaya katin Mardiya,
wanda Ni'imat ungozoma ke yi wa rubutu duk wata.
Ban iya karanta ko ɗaya ba.
Da hannu nake gane su:
ta gona ta yi laushi kamar tsohon zane.

Ran Lahadi Jibir ya yi sallama,
jallabiya fara fat, tafin hannu bai san fartanya ba.
Ya shimfiɗa tasa takardar a tabarmata,
hatimi uku gare ta, tawa ɗaya tak,
wai Sambo ya sayar masa kafin ya kwanta dama.
Sambon da ko ɗan akuya zai sayar
sai ya hana ni barci kwana uku!
Na zuba masa gahawa, ya shanye.
"Talata," ya ce, "a ofishin ƙasa na Sinnar."

Talata kuwa ranar awo ce a Maiwurno.
Mardiya ta ce, "Inna, awo ya jira,
cikin wata bakwai ba ya gudu, gona ce ke shirin tashi."
Na dubi ƙafafunta, sun cika silifa sun zubo,
zobe ya nutse a yatsa,
kwana biyu tana tamke kai da ɗankwali.
Haka Rakiya ta yi, 'yar farina.
Muka ce ƙibar ciki ce, muka jiƙa mata saiwa.
Kabarinta na nan gabas da gari,
ba wanda ke jayayya da ni a kansa.

Na ce, ɗauki mayafinki.

Ni'imat ta naɗa mata abin a damtse,
ta matsa, ta saki, ta sake matsawa,
sai ta daina raha.
"Jininta ya hau. Da kun bari sai wata Talatar..."
Ba ta ƙarasa ba.
Ta ba da ƙwaya, ta tura mu babban asibiti,
amma sai da ta ɗora ƙaho a cikin, ta ce in sa kunne:
wani ɗan bugu can nesa,
kamar ana daka a wata unguwa.

Bayan azahar muka isa Sinnar.
Na bar ta a gado, ruwa na ɗiga mata a jijiya,
na nufi ofis a ƙafa,
a zuci na riga na yi wa mangwaro bankwana.
Ashe tun safe babu wuta, layi bai motsa ba.
Ga Jibir yana fifita da hatiminsa uku.

Da wuta ta dawo, wani yaro mai tabarau
ya danna lambar gonar a na'ura.
Sai ga ta yadda shirwa ke ganinta:
kogi, iyakar Babikir, itatuwa tara,
har bakin rijiyar.
Sunan Sambo, nawa a ƙarƙashi, da ranar da aka shigar,
bara, da masu awo suka zo
na wuni ina mitar sun tattake mini albasa.
"Ba a taɓa sayar da ita ba, Hajiya.
Lambar da ke tasa ta wani kango ce a bayan kasuwa."
Jibir ya ce bari ya yi alwala.
Har yau bai idar ba.

Kaltuma, da ta kori masu awon da muciya,
tana can tana zaryar kotu, takalmi ya suɗe.
Mardiya kwana shida suka riƙe ta.
Zoben ya soma juyawa.

Gwangwanin na nan.
Na matsar da takardun gefe, na bar wuri.
Ni'imat ta ce akwai ta uku tafe, mai sabon suna,
in Allah ya kai mu nunar mangwaro.