Littafin Awo

Uwata ta yi ɗinki a Aboabo shekara talatin,
baƙin keke, almakashi ɗaure da tsumma,
da wani littafi mai shuɗin bango
da ko ni ba ta bari in buɗe.
Ƙugu nawa, ƙirji nawa,
wace ce cikinta ya fara tasowa
tun kafin uwar mijinta ta sani.
Takan ce, awon mace amana ne,
tela da ungozoma bakinsu ɗaya.

Na gaji keken. Littafin kuwa ya koma cikin waya.

Wata Laraba Sherifatu, yarinyar da nake koya wa,
ta ɗauki Memuna tana gwada rigar bikinta,
leshi ruwan zuma, wuya da duwatsu.
Ta ɗora a shafinmu don a gani a zo.
An kuwa gani.
Kafin la'asar dangin ango a Asawase sun gani,
kuma can gefen hoton, a kan tebur,
ga 'yar takardar da na rubuta lambarta
da sidi ɗari huɗu da ba ta cika ba.
Memuna ta zo, ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce, Anti, da kin tambaye ni.
Da zagina ta yi, da na fi samun barci.

Ban gama haɗiye wannan ba
sai ga saƙon Kwabena mai hoto daga Adum.
Doguwar rigar nan da ke kan tallanmu,
wadda muka datse sunansa daga ƙasanta
kamar zaren da ya yi saura,
shi ya ɗauka.
Ya biya fitila, ya biya mai sa rigar,
ya tsaya a rana har inuwa ta juya.
Rigar ma ba ɗinkina ba ce.
Na tuna ran da na ga aikina a Kejetia
rataye da sunan wani shago,
yadda tuwo ya ƙi wuce mini a daren.
Na tura masa haƙƙinsa ta momo,
na sauke hoton,
na ba shi haƙuri da Asantancina mai ɗingishi.

Sai wani saurayi mai farin takalmi.
Lambobi yake saye, sidi biyu kowace,
masu ba da rance ta waya ke nema.
Ina da ɗari uku da 'yan kai.
Ba zan yi ƙarya ba, na yi lissafi:
kuɗin wuta, kuɗin haya, bel ɗin keke da ya tsinke.
Amma na hango wayar Hajiya Ladidi
tana ƙara tun kafin ta shafa addu'ar asuba,
baƙon da ba ta sani ba yana kiran sunanta har da na mahaifinta.
Na ce masa, ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni.
Ya yi dariya ya shiga shagon gaba.

Yanzu kafin Sherifatu ta ɗaga waya sai ta ce,
in ɗauka?
Wata ta ce daga wuya zuwa ƙasa,
wata ta ce bayan biki,
wata ta ce a'a, mu ce to.
Hotunanmu sun fi na da duhu,
wani lokaci har fanka na leƙowa a ciki,
amma duk ɗinkin da ka gani, ƙafata ce ta taka shi.

Jiya Memuna ta dawo da atamfa yadi shida.
Ba ta yi zancen baya ba, ni ma ban yi ba.
Na zagaya ƙugunta da tef,
na duba, na sake dubawa:
inci uku sun ƙaru.
Ta kalle ni. Na kalli almakashi.
Na rubuta,
na kife wayar a kan tebur.