Ƙusa Biyu da Zare

A Valparaíso, can saman tudu,
inda gidaje ke riƙe da juna kar su gangara teku,
nan kakana Eleuterio ke da shagon kafinta.
Garin katako a girarsa,
rediyonsa ba ya kama komai sai tari.

Na je masa da littafi, idona jajir.
Malama Quilodrán ta rubuta a allo:
x sau x bisa ashirin da biyar,
a haɗa da y sau y bisa tara,
duka su ba da ɗaya.
Na ce, Kaka, tarar nan ta ƙi taruwa a kaina.

Ko kallon littafin bai yi ba.
Ya share katako da gefen hannu,
daga tsakiya ya auna taƙi huɗu hagu, ya kafa ƙusa,
taƙi huɗu dama, ya kafa 'yar'uwarta.
Zare taƙi goma, kai a nan, wutsiya a can.
Ya ce, Rayén, sa fensir ki ja,
kar ki bar shi ya yi sako-sako.

Na ja rabi ta sama,
na ɗaga zare, na ja rabi ta ƙasa.
Na ce, ƙwai!
Ya ce, a'a, ƙwai yana da kai da gindi,
wannan bakinsa biyu tagwaye ne.

Tsawo goma, faɗi shida.
Raba kowanne biyu: ga biyar, ga uku.
Biyar sau biyar, uku sau uku,
ashe lambobin malama ne kwance a gabana.
Cire tara daga ashirin da biyar, saura sha shida,
huɗu sau huɗu ke nan,
mazaunin ƙusa.

Sai ya ciccibi katakon, ƙugunsa na ƙara,
ya jingine shi da bango a tsaye.
Ɗazu teburi ne na mutum shida,
yanzu madubin amarya.
Ba abin da ya ƙaru, ba abin da ya ragu,
babbar lamba ce ta yi ƙaura zuwa ƙarƙashin y,
ƙusa ɗaya sama, ɗaya ƙasa.

Na daɗe ina kallo.
Ƙasarmu ma a tsaye take, doguwa, siririya.
Baba yana can Calama yana haƙar tagulla,
Mama tana nan, tana ɗinkin labule.
Duk hutu ina cikin bas kwana da yini,
in na matsa kusa da wannan
wancan ya yi nisa,
in na juyo, nisan ya sauya kafaɗa.
A haɗa biyun, goma ne dai kullum.

Na ce, Kaka, in ƙusoshin suka matso fa?
Ya ce, sai cikin ya yi ta cika,
ranar da suka haɗu a rami ɗaya, da'ira ce.
Ya yi shiru, ya hure ƙurar da ke kan layi.
Ya ce, amma ni teburi mai tsawo aka ba ni aiki.

Ya zare ƙusoshin da bayan guduma,
ya toshe ramukan da kakin zuma.
Matar da ta ba da aikin ba ta dawo ba,
a kansa muke cin abinci har yau.
Ba mai ganin ramukan.
Ni kaɗai, kafin a zuba miya,
yatsana kan nemo su
ɗaya bayan ɗaya.