Tambaya a Ɗakin da Ba Kowa

Ruwan Yuni ya kwana uku a kan Onomichi,
jirgin fito na kuka can bakin gaɓa,
ni kuwa na durƙusa bayan injin tseren mota
a gidan wasan tsoho Hamaoka,
tocila a baki, gwiwa a ƙasa,
hanci cike da warin tsohuwar taba.

"Jiya lafiya lau muka rabu," in ji shi.
Kowa haka yake cewa.
Ban taɓa ganin injin da ya yi sallama
kafin ya ɗauke ba.

Na buɗe cikinsa. Kwamfuta ce kawai
aka sa wa riga da sitiyari da kujera.
Na danna. Fanka ta juya, koriyar fitila ta kama,
gilashi kuwa baƙi ƙirin, gindin tukunya.
Ba tari, ba atishawa, ba ko uffan.

To, mai nema yana tare da samu.
Na ɗora mita a jar waya: biyar cif.
Rawaya: sha biyu, ba ragi.
Wuta ba ta da laifi, na sallame ta.
Na zaro ƙwaƙwalwar, sirara guda biyu,
na dirje haƙoransu da magogin fensir,
na mai da ɗaya, na mai da ɗayar.
Shiru.
Na bi 'yan gwangwanayen allon da yatsa
ko akwai mai kumburin kai, mai dalalar da miyau.
Duk sun miƙe tsaf, ba mai alamar rashin gaskiya.
Katin hoto na cire, na hure, na mayar.
Faifan na kara a kunne: da sauran numfashi.

Hamaoka ya kawo shayin sha'ir mai sanyi,
ya ce, "Chizuru, yau wace rana ce?"
Na ce Laraba.
Karo na uku ke nan tun safe.
Ya ce, "Sunanta na ciki, kin sani.
Ita ce ta ɗaya a jeri,
shekara goma sha ɗaya ba wanda ya ture ta.
In gogewa za ki yi, ki faɗa mini in fita."

Ban amsa ba. Jaka na jawo,
na fito da ɗan gilashina na gwaji,
na soka shi a ɗaya ramin, wanda aka manta da shi,
kamar mai leƙe ta ƙofar baya.

Ashe!
Ga fararen haruffa, layi biyu, a tsaye:
kwanan wata ya ɓace mini,
a danna maɓalli in ci gaba.
Injin da ke da birki da totur da giya
ba shi da wannan maɓallin guda.
Tun daren jiya yake tambaya
a ɗakin da ba kowa.

Ɗan batir ne, bai kai faɗin yen ɗari ba,
shi ke riƙe masa lokaci in an kashe wuta.
Na ɓamɓare shi da farce, na sa sabo,
na jona allon rubutu,
na faɗa masa shekara, na faɗa masa wata,
na nuna masa ƙofar da zai riƙa fitowa.

Ƙit!
Ƙara ɗaya, gajere,
ya fi mini kiɗan kowane biki daɗi.
Titi ya shimfiɗu a gilashi, shuɗin teku a dama,
sannan jerin gwanaye ya tako a hankali:
haruffa uku na Sumie, a can sama.

Tsoho ya jefa kuɗi, ya zauna,
ya riƙe sitiyari hannu biyu, bai taka totur ba.
Motoci suka wuce shi, lokaci ya ƙare.
Ina naɗe waya ya juyo,
"Chizuru, yau wace rana ce?"

Na ce, "Laraba ce, Baba,"
kamar yanzu ya fara tambaya.