Wuta a Cikin Ƙarfe

Tun da ɓarin hagu ya yi mini yaji
maƙerata ta Aboabo ta koma hannun Issaka.
Ni kuwa ga ni kan benci a bakin kwata,
ina ƙirga motocin da ke hawa Kejetia.
Hannun da ya riƙe awartaki shekara talatin da huɗu,
jiya ƙuda ya sauka a kansa,
sai da na gani sannan na sani.

Adiza ta zo hutu daga Legon.
Tana murza mini man kaɗanya ta ce:
“Baba, an yi waɗansu mutane a Yunan ta dauri,
makarantarsu shirayi ce a bakin kasuwa.
Sun ce mutum ba tulu ba ne da aka ɗura wa rai.
Rai, in ji su, numfashi ne mai ɗumi,
iska da wuta a cakuɗe,
ya ratsa tsoka da ɓargo har bakin farce.”

Na ce: ’yar nan, sidi nawa na biya
don a gaya miki abin da zugazugi ya sani?
Je ki tsaya bayan Issaka.
Zai cusa sifirin motar da muka sayo a Suame cikin gawayi.
In ya yi jajir, nuna mini da yatsa
inda ƙarfe ya ƙare, inda wuta ta soma.
Kowa ya shige kowa,
amma ƙarfe bai bar zama ƙarfe ba,
wuta kuma tana nan, taɓa ki sha labari.

Ta yi dariya, ta kama yatsuna matattu tana lissafi:
gani, ji, sansana, ɗanɗano, taɓawa.
Hannun ya ƙare, ta ari na dama.
Murya ce ta shida.
Na bakwai sai ta dubi ƙasa:
“Wanda ya kawo ni duniya.”
Na takwas ba ta ba shi yatsa ba,
ta ɗora tafinta a ƙirjina.
“Nan maigidan yake, kamar gizo-gizo a tsakiyar saƙa.
Kowane zare ya motsa, shi ake kai wa labari.
Ba ya hana labari zuwa.
Nasa kawai ya ce na yarda, ko ban yarda ba.”

Ashe zare ne ya tsinke mini.

Na ce: in ƙarfen ya huce fa, ina wutar ta nufa?
Ta ce su ma bakinsu bai zo ɗaya ba.
Na ce bar shi nan.
Wannan ba a shirayi ake saninsa ba,
Mai rai ya san inda yake ajiye kayansa.

Da dare, in ruwan Kumasi ya hau dukan kwano,
wani baƙo kan zauna a gefen katifata
ya ce: Gariba, ka ƙare.
Da can nakan ba shi wuri.
Yanzu sai in ɗora maganar kan uwar maƙera,
in ƙwanƙwasa, in kasa kunne,
yadda nake gwada lauje kafin ya bar hannuna.
Hannu ya ƙare: wannan ta yi amo, na karɓa.
Gariba ya ƙare: wannan da tsaga a cikinta.
Ba kullum nake cin nasara ba.
Ran Talata na yi kuka har ladan ya yi kira.

Yau da hantsi na ji gudumar Issaka
tana faɗuwa da wata irin ƙara, busasshiya.
Ban ga ƙarfen ba, bango ya tare.
Na tattara iskar da ta rage mini,
na tura ta ta karkataccen bakin nan:
Ya huce! Mai da shi wuta!

Guduma ta yi shiru.
Can sai zugazugi ya soma numfashi.